Jan Kunne Ga Masu Niyyar Hawa Manyan Duwatsu

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin mu ja kunnen masu sha'awar tafiyar ƙasa a manyan duwatsun duniya, musamman waɗanda suka ga hoton wani tsaye a ƙolin Kilimanjaro suka ce su ma sai sun je. Zuwan ba ya buƙatar mutum ya zama ɗan tsere. Abin da ya fi mayar da matafiya baya, wasu ma a ɗauke, shi ne gaggawa, kuma tun wajen biyan kuɗi ake fara ta, lokacin da mutum ya bar tafiyar kwana takwas ya ɗauki ta kwana biyar don ta fi araha.

Kilimanjaro na Tanzaniya tsayinsa mita 5,895, kuma da ƙafa ake takawa har ƙolin Uhuru, babu igiya. Wannan sauƙin shi ne tarkon. Ko a can sama oksijin yana nan kashi 21 cikin ɗari na iska, sai dai iskar ce ta yi sako-sako, ta yadda a mita 5,500 kowane numfashi kusan rabin abin da yake ba ka a bakin teku yake ba ka. Jiki yana sabawa, amma kwanaki yake ɗauka. Shi ya sa likitocin tsaunuka suka sa ƙa'ida: da zarar an wuce mita 3,000, kada masaukin yau ya fi na jiya tsayi da sama da mita 500, kuma duk bayan kwana uku ko huɗu a maimaita kwana a wuri ɗaya. Wurin barci ake ƙirgawa, ba inda ƙafa ta taka da rana ba.

To, a auna hanyar Marangu ta kwana biyar, ɗaya daga hanyoyin hawa Kilimanjaro, da wannan ma'auni. Daren farko a Mandara, wajen mita 2,700. Na biyu a Horombo, 3,700. Na uku a Kibo, 4,700, inda za a tashe ka da tsakar dare a nufi ƙoli. Mita dubu ke nan kowane dare, ninkin abin da aka yarda. A hanyar Machame da ta Lemosho kuwa, akwai ranar da ake hawa Lava Tower, wajen mita 4,600, a huta can, sannan a gangaro Barranco a kwana a kusan 3,900. Jiki ya ɗanɗana sama, ya yi barci a ƙasa. Wanda dole sai Marangu, ya biya kuɗin ƙarin dare ɗaya a Horombo. Jagororin can ba sa gajiya da faɗin "pole pole", wato sannu-sannu, kuma abin mamaki, matashi mai ji da ƙarfi ya fi dattijo ƙin jin wannan magana. Ƙarfin jiki ba ya kare kowa daga ciwon tsauni.

Haka lissafin yake a Nepal. Mai zuwa zangon gindin Everest, mita 5,364, jirgi ne yake sauke shi a Lukla, wajen 2,860. Duk jadawalin da bai ba shi dare biyu a Namche Bazaar, mita 3,440, da wasu biyu a Dingboche, 4,410, ba, ya ajiye shi. A Peru ma birnin Kusko kansa yana mita 3,400, don haka ana zama kwana biyu ko uku kafin a kama hanyar Inka mai kilomita 43 zuwa Machu Picchu, kufan tsohon garin mutanen Inka. Mutum 500 kacal ake bari a rana, har da jagorori da 'yan dako, kuma a rufe take duk watan Fabrairu.

Ciwon tsauni yakan fara ne sa'a shida zuwa goma sha biyu bayan isa masauki: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, abinci ya fita rai. Mai wannan hali ba ya ƙara hawa. Ya zauna inda yake, ya sha maganin ciwon kai, in ya kwana bai ji sauƙi ba ya sauka. Abu biyu ne ke kisa. Na farko ruwa ya taru a huhu: mutum yana zaune yana haki, ga tari, daga baya kaki mai kumfa da jirwayen jini, leɓe ya sauya launi. Na biyu kumburin ƙwaƙwalwa: tangaɗi kamar mai maye, ruɗewa, magana ba kan gado. Gwajinsa mai sauƙi ne. A ja layi a ƙasa, a ce ya taka a kai yana ɗora dunduniya a gaban yatsun ɗaya ƙafar. In ya kasa, a sauko da shi nan take, mita 500 zuwa 1,000, ko ƙarfe biyun dare ne, kuma da rakiya. Kada a saurari gardamarsa, domin ƙwaƙwalwar da zai yi hukunci da ita ce ta kamu. Mafi munin kuskure shi ne a ce ya shiga tanti ya kwanta zuwa safiya.

Akwai maganin rigakafi, asetazolamaid, wanda aka fi sani da Diamox: miligiram 125 sau biyu a rana, a fara kwana ɗaya kafin hawa. Yana sa yawan fitsari da jin kamar ana tsira allura a yatsu, kuma likita ne zai rubuta shi. Ba ya zama madadin kwanakin da aka rage. Maganin barci da giya kuwa suna rage numfashi da dare, a nisance su. Mai ciwon sikila ba wurin zuwansa ba ne, kuma mai jinin AS ma ya ga likita tukuna, saboda a sama jini yakan toshe a saifa, ya zo da matsanancin ciwo a gefen hagu ƙarƙashin haƙarƙari, wanda sau da yawa ake ɗauka ciwon ciki ne kawai.

Game da sutura, duk mita 1,000 da aka hau zafi yana raguwa da kusan digiri 6.5, kuma a daren ƙolin Kilimanjaro sanyi yakan kai digiri goma ƙasa da sifiri ko fiye. Auduga ita ce abokiyar gaba a nan: tana shan zufa ta riƙe, da ka tsaya iska ta buga, sai ta zuƙe ɗumin jikinka. Riga uku ake jerawa, ta jiki ta ulu ko zaren roba, ta tsakiya mai riƙe ɗumi, ta waje mai tare ruwa da iska. Ka cire ɗaya kafin ka jiƙe da zufa, ka mayar da zarar ka tsaya hutu.

Takalmi ya cancanci dogon bayani. A gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, da irin safar da za a yi tafiyar da ita, a bar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsun ƙafa da bakinsa. A yi makonni ana yawo da shi kafin tafiya. Gangara ce ke tona asirin takalmi: daga Uhuru zuwa zangon Mweka ana sauka kusan mita 2,800 a yini ɗaya, kuma in ya matse, farce zai ta dukan gaba har ya yi baƙi ya fita. A yanke farce, a ƙara ɗaure igiya a wuyan ƙafa kafin a fara sauka. Inda aka ji fata ta fara zafi, a tsaya a manna filasta tun bororo bai tashi ba.

Jaka kada ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na nauyin mai ita, wato kilo 14 ga mai kilo 70, kuma ɗamarar ƙugu ce za ta ɗauki nauyin, ba kafaɗa ba. Ɗan dako a Kilimanjaro kilo 20 ne iyakar kayan da aka yarda a ɗora masa, kuma ba laifi matafiyi ya duba ko masu ɗaukar masa kaya suna da rigar sanyi da takalmin kirki.

Ruwa lita uku zuwa huɗu a yini. Na rafi a tafasa shi minti ɗaya, in an wuce mita 2,000 minti uku, don a sama ruwa yana tafasa tun bai kai zafin da yake kaiwa a ƙasa ba. A daren sanyi siririn bututun jakar ruwa shi ke fara daskarewa. Gora ta fi, a sa ta cikin safa a kife, tunda ƙanƙara daga sama take fara kamawa. Batirin tocila da waya su kwana cikin riga, sanyi yana shanye su.

Sai lissafin lokaci. Tun 1892 wani ɗan Sikotland, William Naismith, ya kawo ƙiyasin da har yau ake amfani da shi: sa'a ɗaya ga kowane kilomita biyar, a ƙara sa'a ɗaya ga kowane mita 600 na hawa. Kilomita 15 da hawan mita 1,200 sa'a biyar ke nan, ban da hutu, kuma a inda iska ta yi ƙaranci ya wuce haka nesa. Da wannan ake yanke lokacin juyawa tun kafin a bar zango, in ya cika a juya ko ana hangen ƙoli. Hadarin tsawa a tsaunuka ya fi taruwa bayan rana ta take, shi ya sa ake tsallake mashigai da sassafe. A watan Oktoban 2014 guguwar Hudhud ta jawo dusar ƙanƙara a yankin tsaunukan Annapurna na Nepal, mutum sama da 40 suka rasu, da dama a kusa da mashigar Thorong La mai mita 5,416, kuma a tsakiyar lokacin da aka sani da kyawun yanayi. Hasashen yanayi kullum ake tambayarsa, ba sau ɗaya ba.

A rataya usur a wuya. Alamar neman agaji a tsaunukan Turai busa shida ce cikin minti ɗaya, a yi shiru minti ɗaya, a sake, mai amsawa ya busa uku. A bar wa wani sunan hanya da ranar dawowa. Takardar inshora kuma a karanta ta layi-layi, domin da yawa suna da iyakar tsayin da suke biya, wanda bai kai Kilimanjaro ko gindin Everest ba. A tabbatar an rubuta mita 6,000 da ɗauka da jirgi mai saukar ungulu kafin a sa hannu.

Mun gode da wannan fili. Wassalam.

Daga wasu masu karatu, ma'abota hawan dutse.