Kafin mu tafa wa dokar Amurka, a leƙa ɗakin haihuwa na garinmu

Malam Edita assalamu alaikum, ina gaisuwa, ya aiki ya iyali, Allah ya ƙara basira.

Labarin nan da kuka buga kan kudirin dokar Amurka mai son hana zubar da ciki in ya kai mako 20, ɗiyar ƙanwata ce ta turo min a WhatsApp da hantsi, kafin la'asar ya zagaye duk wani guruf da nake ciki, na makarantar Islamiyya, na adashi, har na dangi, kowa sai Allahu akbar yake turowa wai yau Nasara sun gane gaskiya. Ni dai shiru nayi don in na buɗe baki a can rigima za'a yi da ni, shi yasa nace bari in rubuto muku, in kun ga ya dace ku buga.

Ni unguwarzoma ce ta asibiti, abin da muke cewa saj-fam a nan, nayi aiki shekara ashirin da wani abu tsakanin Garwa da ƙauyukan da ke kewaye kafin gwiwa ta zaunar dani. Kuma tun farko in faɗa kar wani ya juya min magana, ni Musulma ce, ban yarda mace ta tashi haka kawai ta zubar da ɗan da ke motsi a cikinta ba. Hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud mun haddace shi tun muna yara, kwana arba'in ɗigon ruwa, arba'in gudan jini, arba'in tsoka, sannan a aiko mala'ika ya busa rai, kwana 120 kenan, in ka raba da bakwai mako 17 ne da kwana ɗaya. Malamanmu na Malikiyya ma basu jira har nan ba, tun da ciki ya zauna suka hana taɓa shi. To shi kudirin da ake ta yi wa kabbara mako 20 ɗinsa daga ranar da cikin ya shiga yake ƙirgawa, kwana 140, wato duk abin da ke ƙasa da haka bai taɓa shi ba. Dokarmu ta Kamaru kuwa sashe na 337 na kundin hukunta laifuka, mace in ta zubar ko cikin mako biyu ne gidan yari ne daga kwana 15 zuwa shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, wanda ya zubar mata shekara 1 zuwa 5, in kuma ma'aikacin lafiya ne a ninka masa. Kun ga ashe muna tafa wa abin da bai kai namu tsanani ba, bamu ma sani ba.

Su can rigimarsu ce ta shekara da shekaru. Wannan kudiri na mako 20 majalisar wakilansu ta amince da shi a 2013 da 2015 da 2017, ya je majalisar dattawa a farkon 2018 ya samu ƙuri'a 51 alhali 60 ake nema, ya faɗi. A watan Yunin 2022 kotun ƙolinsu ta soke hukuncin 1973 da ya halatta zubar da ciki a faɗin ƙasar ta mayar wa kowace jiha wuƙa da nama, bayan wata uku Sanata Lindsey Graham ya sake kawo wani na mako 15. Wannan duk siyasarsu ce, su ta shafa. Abin da ya tsaya min a rai shine lissafin hukumar lafiyarsu da kanta, cewa cikin da ake cirewa daga mako 21 zuwa sama wajen ɗaya ne cikin ɗari, sama da casa'in kuwa tun a wata ukun farko ne. To su waye wannan ɗaya cikin ɗarin? Na Amurka ban gansu ba, amma namu na nan wallahi na riƙe hannayensu.

Akwai wata da har gobe in na ji ƙarar moto da tsakar dare sai ta faɗo min. Daga wani ƙauye bayan Pitowa aka kawo ta, mijin a baya ita a tsakiya an ɗaure ta da zani a jikin mai moto don kar ta zame, yarinya ce bata fi ashirin da biyu ba, haihuwa biyu, wannan na uku. Faya ta fashe mata kwana huɗu da suka wuce, ciki wata biyar da ɗan wani abu, uwar miji tace sanyi ne a sha jiƙo. Jikinta kaman garwashi, in ka ɗaga zanin warin kaɗai ya isa ya gaya maka mahaifa ta kamu. Na ɗora ƙahon nan namu na sauraro a cikinta, zuciyar ɗa na bugawa tif tif tif. Nan fa ake yinta. Ɗan wata biyar ba zai rayu ba a wurinmu, ko bakwaini da ƙyar muke riƙe shi balle wannan, kwalbar jarirai ɗaya ce kuma ranar wuta ma babu. In an bar shi a ciki uwa zata tafi, shi ma ya bi ta. Kowa a ɗakin ya san haka har mai shara.

Likitan da ke gadi yaro ne sabon fitowa, ba mugu bane Allah ya sani, amma sai ya tsaya yana juya biro a hannu yace Hajiya zuciya fa tana bugawa, in na sa hannu gobe wani ya kai ni komisariya wa zai tsaya min, bari babba ya zo da safe. Babba kuma wayarsa a kashe. Mijin, bawan Allah, da na yi masa bayani da Fulatanci sai ya fita da gudu, ashe limamin masallacin da ke bayan asibitin ya je ya taso. Tsohon ya zo da carbinsa da tocila ya saurare ni tsaf, yace 'yata uwa ita ce tushe ɗa reshe ne, ba'a sare bishiya don reshe, in likita ya tabbatar to ku ceci ranta, lalura ce. Malam ya gama nasa cikin minti biyar. Takarda ce bata gama ba sai ƙarfe tara na safe. An ceto ta, amma sai da aka cire mahaifar gaba ɗaya don ta riga ta lalace, shekara ashirin da biyu, kun san kuma me ake nufi da wannan a gidan miji a ƙasarmu, kafin shekara ta zagayo an yi mata kishiya, daga baya naji ta koma gidansu.

Kar a ce talaucinmu ne kawai. A ƙasar Ayaland, garin Galway, a watan Oktoban 2012 wata likitar haƙori 'yar asalin Indiya Savita Halappanavar ta mutu da cikin mako 17 a kan irin wannan, ɓari ya taso, zuciyar ɗa na bugawa, likitoci suka yi ta jira saboda doka har guba ta shiga jininta. Asibitin Turai fa, da wuta da injina da komai. A takarda an yarda a ceci uwa, su ma kudirorin Amurkan nan sun rubuta banda in ran uwa na cikin haɗari, mu ma sashe na 339 yace babu laifi in ƙwararre ne yayi don ceton uwa daga babban haɗari ga lafiyarta. Amma babban haɗari daga ina yake farawa? Zazzaɓi nawa, jini kofi nawa, hawan jini ya kai ina, sai ta fara jijjiga tana taune harshe ko tun kafin nan? Ɗan majalisa ya rubuta kalma biyu ya tafi gida ya kwanta, likita ne zai fassara su ƙarfe biyun dare da har shekara goma ta gidan yari a gabansa. Mai tsoro kuwa jira yake yi.

Sai maganar mako ɗin kanta, wadda ita ke bani dariya wani lokaci. Wace mace ce a ƙauyukanmu take ƙirga mako? Ka tambaye ta yaushe rabonki da wanki tace tun kafin azumi, ko tun da aka yanke gero, wata kuma goyo take bata ga jini ba sam tun haihuwar wancan sai ji tayi abu na motsi. Mai cikin fari kunya ma ba zata bari ta faɗa ba sai zani ya daina zagayowa. Awo sai ciki ya fito ake zuwa, wata biyar wata shida, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 cewa tayi zuwa takwas, da hoton eko, wato hoton cikin mai juna biyu, ko sau ɗaya kafin mako 24. Kuma manyan matsalolin halitta, irin ɗan da ƙoƙon kansa bai rufe ba babu ƙwaƙwalwa, hoton da aka saba duba su da shi na tsakanin mako 18 zuwa 22 ne. Majalisar malaman fiƙihu ta Rabiɗa da ta zauna a Makka a 1990 ta bada fatawa cewa in likitoci amintattu sun tabbatar da mummunar nakasa marar magani ana iya cirewa amma kafin kwana 120, bayan nan a'a sai in ran uwa ne. Kun ga ƙofar ƙarama ce, matanmu kuma sai ta rufe suke isowa. Dokarmu ta ƙasa ma bata ambaci nakasar ɗa ba kwata-kwata, haka shi ma kudirin na mako 20. Na taɓa zama da wata wata uku cur muna jiran haihuwar ɗan da mu duka mun san ba zai kwana ba, maƙwabta na ta yi mata Allah raba lafiya tana amsawa. Ban ce ga abin da ya kamata a yi mata ba, ni ba malama bace, na dai ga idonta.

Gaskiya shek sante ɗin nan, takardar kula da mai ciki ta sefa 6,000, da aka kawo jihohin arewa uku ya taimaka, awo da eko da haihuwa har tiyata duk a ciki, na ga mata da yawa da ba don shi ba da a gida zasu ƙare. Lissafin gwamnati ma ya nuna mutuwar mata wajen haihuwa ta sauko daga 782 cikin haihuwa dubu ɗari a binciken 2011 zuwa 406 a na 2018, ko da yake ɗari huɗun ma ai ba abin fahari bane. Amma mai gida sai ya bada izini da kuɗin moto tukuna, nan ne ake makara.

Cikin fyaɗe kuwa, doka ta yarda amma sai mai gabatar da ƙara na gwamnati, purokire, ya bada takardar shaida cewa lallai abin ya faru. Yarinya 'yar sha huɗu da ke ɗaure ciki da ɗankwali tana zuwa talla, uwarta bata gane ba sai wata huɗu, uba yace a rufa asiri kar a je ko'ina, yaushe zasu kai ga purokire? Wurin mai ƙwaya a kasuwa suke ƙarewa, mu sai dai a kawo mana ita tana zubar jini. A 2009 da Kamaru ta amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin matan Afirka, wadda ta yarda da zubar da ciki a wasu halaye, an yi ta hayaniya, marigayi Kadinal Christian Tumi ya jagoranci dubban mutane a titunan Duwala, mu ma a masallatai an yi huɗuba, daga nan kowa ya watse, likitan gadi yana nan da bironsa yadda aka barshi.

Roƙona Malam Edita, tunda kuna da masu karatu har Marwa da Ngaundare da Kuseri da Injamena, dan Allah ku buga sashe na 337 da 339 da Hausa yadda kowa zai gane, ku samo likitan mata ɗaya da malamin fiƙihu ɗaya ku zaunar dasu tare su faɗa mana ƙarara irin halin da in mace ta shiga ba'a jiran safiya, ku kuma tambayi depitocinmu, 'yan majalisarmu na Benuwe da Diyamare, ko ma'aikatar lafiya zata iya rubuta wannan a takarda ɗaya a manna a bangon kowane ɗakin haihuwa. In kun shirya ku neme ni, har yanzu ƙahon sauraron yana cikin jakata.

Taku,
wata tsohuwar unguwarzoma, unguwar Hausare, Garwa