Kafin a sauke giyabos ɗin a-kori-kurarka

Assalamu alaikum, aminina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Saƙonka ya iso, na kuma ga yadda lamarin motar nan ya hana ka sukuni. Ka ce in ka sa giya a D sai ta yi tsit kamar ba da ita ake ba, sai bayan sakan huɗu ko biyar ta kama da ɗan bugu, kuma bakaniken da ya duba ta ya ce sai an sauke giyabos. Don Allah ka dakata, kada ka bari a ɗora mata sifana tukuna. Mai yiwuwa ne a ƙarshe sai an sauke ɗin, amma akwai abubuwan da za ka iya ganowa da idonka da hancinka kafin a kai can.

Giyar otomatik da matsin mai take aiki. Injin yana juya famfo, famfon ya tura mai ta cikin bawuloli zuwa fistin da ke matse farantan kuloci, waɗanda makanikai ke ce wa faiba. A mota mai lafiya, cikin sakan ɗaya ko biyu an gama wannan. Jinkirin da kake gani yana nufin matsin bai kai inda ake son sa da wuri ba: ko mai ya yi kaɗan, ko an tare masa hanya, ko yana zurarewa ta wani wuri a ciki.

Abin da za ka fara daina yi tun yau shi ne taka totur lokacin da kake jira. Na san hali, mutum yana sauri sai ya ba ta wuta don ta farka. In ta kama injin yana gudu, duk ƙarfin nan a kan faiba da giyoyi yake sauka lokaci guda. Ka riƙe birki, ka bar injin a silo har sai ka ji ta kama.

Sai awon man giya, kuma nan ne mutane da yawa ke kuskurewa, don ba kamar man inji ake auna shi ba. A yawancin motoci sai mota ta yi zafi, tana tsaye a wuri mai daidai, injin yana aiki, ka bi da liba ta kowace giya a hankali, sannan ka zaro sandar awo. Wasu a P ake auna su, wasu a N. Tsofaffin Dodge Ram masu giyar 46RE, alal misali, a N ake aunawa, wanda ya auna a P zai ga kamar mai ya cika alhali da saura. Littafin motarka ne zai raba gardama. Sababbin motoci da yawa ma ba su da sandar, sai an kwance wani noti a jikin giyabos a wani ma'aunin zafi na musamman. Kada kuma ka ce bari ka ƙara ya wuce layi don a huta. Mai in ya yi yawa kumfa yake yi, kumfa kuwa ba ta riƙe matsi.

Ka ɗiga man a kan farin ƙyalle ka duba. Ja mai haske lafiya lau. In ya yi baƙi-baƙi yana ƙaurin ƙuna, faiba ta sha zafi. In ka gan shi ruwan hoda mai kauri kamar an dama da madara, ruwan lagireto ne ya shiga ciki ta bututun sanyaya mai, wannan kam ka ajiye motar, kada ka ƙara tuƙa ta.

Abin da ya fi muhimmanci a wurina, kuma ba ka faɗa mini ba, shi ne yaushe take yin jinkirin. In da safe ne kawai, bayan ta kwana, sannan ta wuni lafiya, galibi mai ne ke sulalowa daga konbata, wato na'urar da ke haɗa injin da giyabos ta hanyar mai, ya koma kwanon ƙasan giyabos cikin dare, sai famfo ya sake cika ta kafin mota ta motsa. Gwajinsa ba wuya: ka tayar da ita, ka sa a N kamar rabin minti, sannan ka sa D. In ta kama nan take, ka kama ɓarawon, kuma a wasu motocin wani ɗan bawul ne a bututun lagireto ya daina riƙe man. In kuwa tana jinkiri duk lokacin da take da sanyi, sai ta ɗumama ta warware, robobin sil na ciki ne suka tsufa suka yi tauri. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce mai ƙaruwa in mota ta yi zafi, don mai ya tsinke yana gudu ta inda famfo ko bawuloli suka cinye. Ka lura kuma ko D da ribas duka ne, ko ɗaya kawai. In duka ne, a nemi laifin a mai, filta ko famfo. In ɗaya ne, kulocin wannan ɓangaren ne ake zargi, ko kebul ɗin liba ya saki ba ya kai bawul daidai wurinsa.

In mai ya cika kuma bai ƙone ba, a sauke kwanon ƙasa a canza filta, a tabbata robar bakinta ta zauna sosai, don in ba ta zauna ba iska famfo zai riƙa zuƙa. Ka tsaya a wurin ka ga kwanon da idonka. Akwai maganaɗisu a ciki. Laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, amma in ka ga ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli ko baƙin ɓawon faiba, to bakanikenka ya yi gaskiya. Man da za a zuba kuma ya zama wanda kamfanin ya rubuta, Dexron ne, Mercon, ATF+4 ko WS na Toyota, kada a ce maka ai duk ja ne. Ni ba na son a wanke giyabos da injin matsi in man ya riga ya ƙone.

Kafin ka yarda a sauke, ka nemi abu biyu. A jona kwamfuta a karanta lambobin laifi: P0700 tana nuna kwamfutar giya ta ajiye ƙorafi, P0705 kuma tana nuna matsala a na'urar da ke gane inda liba take. Sannan a ɗaura geji a auna matsin mai a D da ribas, a gwada da abin da littafi ya ce. Bakaniken da ya ƙi yin waɗannan biyun, ka nemi wani.

Ka rubuto mini ƙirar motar da shekararta, launin man, da lokacin da take jinkirin, sai mu san inda za mu dosa. Ka gaishe mini da mutanen gida da yara.

Naka har kullum,
Amininka