Wasiƙa Zuwa Ga Aminina Kan Nauyin Bakin Autansa

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa gare ka da uwargida da yara, wasiƙarka ta iso, kuma hankalina bai kwanta ba tun da na karanta cewa autanku ya cika shekara 3 amma har yanzu bai wuce "Baba" da nuni da yatsa ba. Ka tuna mun sha irin wannan da 'yata ta biyu.

Mu ma an ce mana nauyin baki ne na gado, har gwaggona ta dage a kai ta wurin wanzami ya yanke mata linzami, mu kuwa muka zauna shekara guda muna jiran bakin ya buɗe da kansa, alhali yaro mai shekara 2 ya kamata a ce yana haɗa kalma biyu. Ashe ruwa ne ya taru a bayan dodon kunnenta, maganarmu tana zuwar mata kamar daga cikin rijiya. Saboda haka ina roƙonka ka fara da gwajin ji, musamman da ka ce yaron ya yi sanƙarau bara, domin ciwo ne da kan taɓa kunne. Ka nufi sashen kunne da hanci da maƙogwaro na asibitin koyarwa mafi kusa da ku, in kuma ba su da na'urar gwajin, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna.

Likitocin wannan sashe ne suka fi sanin inda ake samun masu gyaran magana, waɗanda ba su da yawa, kuma akasarinsu a manyan birane suke. Duk wanda aka haɗa ka da shi, ka nemi ganin shaidar rajistarsa da hukumar MRTB, wadda ke sa ido a kansu da kuma masu gashin ƙashi. Sannan ka bincika ko yana jin Hausa. Na farkon da muka samu mutum ne mai haƙuri da sanin aikinsa, amma bai iya rarrabe "baki" da "baƙi" ba, balle ya gyara wa yarinya furucinsu, dole muka nemi wata wadda ta tashi da harshen.

Ita ce ta nuna wa maiɗakina yadda za ta riƙa ambaton sunan kowane abu lokacin wanka da cin abinci, ta dakata har yarinyar ta yi yunƙurin amsawa, kuma a raba ta da kallon waya. Sau biyu a wata muke ganinta, sauran aikin duk a tsakar gida aka yi shi.

Ka ɗauki bidiyon yaron yana wasa da 'yan uwansa ka tafi da shi, domin yara kan yi gum a gaban baƙo. Idan tafiyar ta kama Kaduna, ka sanar da ni ranar, ni zan tarbe ku a tasha, kuma a gidana za ku sauka. Allah Ya buɗe bakinsa da alheri.

Naka har kullum,
Amininka