Zuwa Ga Wali (Gwamnan) Gadarif: A Dawo Da Zancen Zaman Tare Cikin Unguwanni

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan Allah ya taya ka riƙo.

Ni malamin makarantar allo ne, wadda a nan ake kira halwa, a wata unguwar Hausawa ta garin nan na Gadarif, a gabashin Sudan. Kakana da ƙafa ya taso daga ƙasar Hausa da niyyar Hajji, guzuri ya ƙare masa a nan, ya kama noman dawa da riɗi, shi ke nan muka zama 'yan Gadarif. Labarinmu bai da nisa da na waɗanda suka biyo Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru, bayan yaƙin Burmi da Turawa na 1903. Na faɗi wannan ne don ka san mai maganar jikan baƙo ne, ya san daɗin a gusa maka a kan tabarma.

Tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojoji da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilun 2023 muke karɓar baƙi. Da Wad Madani ta faɗi a Disambar shekarar, sannan Sinja a ƙarshen Yunin 2024, sai da makarantu suka zama ɗakunan kwana. Muka kafa takiyya, wato wurin dafa abincin sadaka, a ƙofar masallacinmu, tukunya biyu, yau adas (wani ƙanƙanin wake) gobe balila (dafaffen tsaba). Wadda ta fi kowa juriya a bakin murhu wata baiwar Allah ce 'yar Nuba, Kirista, da ta gudo daga Khartum da 'ya'yanta. Wani mai kanti Bakibɗe, wato Kirista ɗan cocin Kibɗawa, kuwa yakan aiko buhun adas, ya ce kada a ambaci sunansa. Ba wanda ya taɓa tambayar mai riƙe da kwano addininsa kafin a zuba masa. Da azumi ya zo muka shimfiɗa tabarmi a bakin titi kamar yadda aka saba, Kiristocin ma suka zauna shan ruwa tare da mu.

Inda muka gane akwai gyara shi ne ranar da ƙaramin ɗan 'yar Nuban nan ya rasu. Mun iya wanka da likkafani irin namu, amma nasu fa? Duk cikinmu, har da liman, babu mai lambar wayar fada ko fasto ko ɗaya. Sai da wani mai raksha, wato keke mai ƙafa uku, ya yi ta zagaye da mu gari har la'asar kafin muka dace. Kunyar ranar ba ta sake ni ba. Shekara nawa muna haɗuwa a kasuwa ɗaya?

Abin da nake roƙo ke nan, ranka ya daɗe. Ba taron otal ba, inda manya za su yi jawabi, a ɗauki hoto, a watse. A kafa ƙaramin zaure a kowace unguwa: limami, malamin halwa, fada ko fasto, mata masu riƙe da takiyya, da dattijan ajawid da suka saba sasanta rigimar gona da makiyaya. Su san juna da gidajen juna. Idan kayan agaji suka zo, su ne za su rubuta sunaye tare, domin jerin da aka rubuta a masallaci kaɗai zai tsallake wanda ba ya zuwa masallaci, ko da ba da mugun nufi ba. Su kuma za su kawo maka batun filin maƙabarta da takardar izinin wurin ibada tun kafin ya zama abin rigima.

Doka ta ɗan gyaru, na sani. A Disambar 2019 aka dawo da hutun Kirsimeti, a Yulin 2020 aka soke hukuncin ridda. Amma a ƙarshen 2019 ɗin nan aka ƙona coci-coci a garin But na jihar Shuɗin Nilu. Takarda daga sama ba ta kashe wutar da aka hura a lungu.

Mu Hausawa mun ɗanɗana. A Yulin 2022 aka zubar da jini a Shuɗin Nilu kan ƙasa da sarauta, har zanga-zanga ta iso Kasala da nan garin. Akasarin waɗanda suka ɗaga wa juna makami alƙibla ɗaya suke kallo. To idan jita-jita ta iya raba masu sahu ɗaya, ina ga waɗanda ko lambar wayar juna ba su da ita?

Nakan koya wa almajiraina cewa da aka matsa wa Sahabbai a Makka, wajen Najjashi, sarki Kirista, aka tura su, Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib ya karanta masa Suratu Maryam. Habashar nan ga ta bayan Gallabat, garin kan iyaka, jikokin mutanensa kuma suna sansanin 'yan gudun hijira na Um Rakuba tun 2020, a ƙasar da kake mulki.

In ka samu sarari, ka biyo ta unguwarmu bayan la'asar ba tare da jiniya ba. Ni da liman da fadan da ya binne yaron nan mun fara zama ranar Asabar ta farkon kowane wata, a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar masallaci. Akwai shayi.

Wassalam.

Naka,
Wani malamin halwa, Gadarif