Aji ya cika, karatu bai shiga ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Jikata tana CE1, shekararta ta 3 ke nan a wata makarantar firamare ta gwamnati a nan Damagaram. Jiya na miƙa mata littafinta, ta kasa haɗa baƙi biyu, sai waƙar Faransanci da ta haddace. Ban ga laifin malamarsu ba. Ajin zana ne, cike maƙil, yara zaune a ƙasa da allo a gwiwa. Rumfar ma sai bayan girbi aka kafa ta, alhali tun Oktoba aka koma.

'Yan matan sun fi damuna. A CI, wato ajin farko, sun kusa kai maza yawa, kafin CM2, ajin ƙarshe, talla da ɗibar ruwa sun kwashe su. Don Allah hukumar ilimi ta leƙo ta ƙirga da kanta.

Wani dattijo daga unguwar Birni, Zinder