Godiya ga Injiniyoyin da Suka Gano Abin da Ke Ruɗa Kwamfutar Masana'antarmu

Assalamu alaikum.

Zuwa ga shugaba da ma'aikatan kamfanin da ya duba na'urorinmu, bayan gaisuwa da fatan alheri. Na zaɓi in gode muku a bainar jama'a ne, domin abin da kuka yi mana ya wuce godiyar waya.

Watanni muka yi aiki yana tsaya mana haka siddan. Kwamfutar da ke sarrafa injuna, wato PLC, sai ta ce zafi ya haura, ta kashe komai, alhali babu abin da ya yi zafi. Sau biyu muka sauya na'urar auna zafin. Har an fara zargin masu aikin dare da sakaci, kuma wannan ne ya fi ci mini rai, don na san irin ƙoƙarinsu.

Da kuka zo ba ku ce mu sayi sabuwar kwamfuta ba, ko da yake da kun faɗa, da mun saya. Zama kuka yi kuna awo, har kuka lura ruɗanin yana zuwa ne duk sa'ad da inbatar da ke sauya gudun babban injin ta tashi. Kun bayyana mana cewa inbata tana kunna wuta tana kashewa sau dubbai a daƙiƙa guda, kuma hakan yana watsa hayaniyar lantarki a kewayenta. Ita kuwa na'urar awonmu, irin da ake kira K, kimanin maikurobolt 41 kacal take bayarwa a kowane digiri na zafi, wato 'yar ƙanƙanuwar wuta, don maikurobolt kashi ɗaya ne cikin miliyan na bolt. Ashe siririyar wayarta da kebul ɗin injin a hanya ɗaya suke kwance, kafaɗa da kafaɗa. Ina raɗa za ta jiyu kusa da mai ihu?

Kun raba musu hanya, inda tilas su haɗu kuma kuka sa suka gitta juna. Kun sa wa injin kebul mai sulke, kuka damƙe sulken zagaye da jikin akwatin ƙarfe maimakon murɗa shi kamar jela, yadda muka saba. Kun ƙara matatar hayaniya a bakin inbatar, sannan kuka mayar da saƙon zafin zuwa ma'aunin gudanar wuta na miliamfa 4 zuwa 20, wanda ya fi jure katsalandan.

Abin da ba zan manta ba shi ne yadda kuka tsaya da yaranmu masu gyara, kuna nuna musu dalilin kowane mataki ba tare da raini ba. Tun daga ranar aiki bai sake tsayawa a kan ƙarya ba, masu aikin dare kuma sun wanku.

Allah ya saka muku da alheri, ya ƙara basira.

Naku,
Shugaban sashen gyara