Buɗaɗɗiyar wasiƙar ƙorafi ga kamfanin da ke girka Wi-Fi a gidajen Sakkwato

Zuwa ga Manajan kamfani,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu masu sana'ar haɗa intanet ne a nan cikin garin Sakkwato, kuma mu ake kira mu gyara bayan ma'aikatanku sun gama aiki sun karɓi kuɗi. Tallarku ta ce Wi-Fi zai game gida tun daga zaure har ɗakin ƙarshe, a kan haka magidanta suka biya kuɗin na'urar watsa Wi-Fi uku, huɗu, wasu har shida. Abin da ake tararwa a gidajen Mabera da Arkilla da Gawon Nama da Runjin Sambo iri ɗaya ne, kamar an buga da hatimi: alamar Wi-Fi a cike a fuskar wayar hannu, amma saƙon murya na WhatsApp yana ta juyawa bai tafi ba. Da yake kuskuren yana maimaituwa gida bayan gida, ba za a ɗora shi a kan yaro ɗaya ba. Tsarin aikinku ne, shi ya sa muka rubuto a bainar jama'a.

Mu fara da kebul, don a nan ɓarnar ta fi yawa kuma maigida ba ya gani. Takardar kuɗinku tana cewa Cat6, wato wani ajin ingancin kebul ɗin intanet. Idan aka fere kan kebul ɗin aka kankare silin waya ɗaya da wuƙa, jan da ke sama sai ya tafi, farin alminiyon ya bayyana. Wannan shi ne CCA, alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ƙa'idar Cat5e da Cat6 ba ta san da shi ba, jan ƙarfe zalla ta yarda da shi. Alminiyon yana wuce da kusan kashi 61 cikin ɗari ne kawai na wutar da jan ƙarfe mai kaurinsa ke wucewa da ita. A gajeren zango ba a gane bambancin. Amma idan aka ja shi mita 60 ko 70 zuwa ɓangaren mata, kuma ta cikinsa ake ba na'urar wuta, sai wutar ta ragu a hanya, na'urar ta riƙa mutuwa tana tashi da kanta, musamman da daddare lokacin da kowa ya hau. Ga shi da saurin karyewa a bakin kan RJ45, wato filogin da ake matsewa a ƙarshen kebul. Kwalin mita 305 na CCA ya fi araha nesa ba kusa ba, mun sani, amma kuɗin jan ƙarfe kuka karɓa.

Ko matse kan kebul ɗin ba a yi shi yadda ya kamata. Kebul yana da silin waya takwas, wato tagwaye huɗu. Gudun gigabit yana buƙatar dukkansu, shi kuwa gudun megabit 100 tagwaye biyu sun ishe shi, na ƙafa 1 da 2 da na ƙafa 3 da 6 a jikin filogin. Saboda haka idan sili ɗaya daga cikin sauran huɗun bai kama ba, fitila za ta kunna, intanet zai zo, yaronku ya ɗauki jakarsa ya tafi, alhali layin ya faɗo zuwa 100. Testa ta kuɗi kaɗan tana nuna wannan cikin daƙiƙa goma. An kuma ga inda aka jera launuka yadda aka ga dama, ba bisa tsarin T568B ba, aka raba tagwayen da ya kamata su tafi a murɗe tare. An ga zangon da ya haura mita 100, wanda shi ne iyaka, 90 a cikin bango da 10 na guntayen haɗi. An ga inda kebul ya gaza aka ƙulla shi da wani aka naɗe da salatif.

Inda jan kebul ya yi muku nisa kuma, sai ku manna rifita a soket ku kira shi AP. Ba abu ɗaya ba ne. AP na gaskiya yana karɓar intanet ta kebul ya watsa. Rifita mai rediyo ɗaya da shi yake saurare, da shi yake maimaitawa, don haka gudun yana raguwa da kusan rabi tun kafin a yi maganar bango. Abin takaicin ma, a ɗakin da babu sabis kuke sa shi, inda abin da yake kamowa ya riga ya raunana. Mai rauni zai maimaita, sai dai alamar ta cika a waya maigida ya ɗauka an gyara. Gidajenmu na bulo inci tara ne, benaye kuma dakin ne na kankare mai rodi a ciki. Zangon rediyon Wi-Fi na 5 GHz da ƙyar yake ratsa irin wannan bango biyu. A gida irin wannan kowace na'ura kebul ɗinta take so daga suwic, wato akwatin da ke raba intanet ta kebul, babu wata dabara.

Sai saitin ciki, wanda a gidaje da yawa ko buɗe shi ba a yi ba. Kuna sayo rauta ta gida ku jona ta yadda ta fito daga kwali. Idan aka sa kebul a ramin WAN, wato ramin shigowar intanet daga waje, kowace rauta sai ta kafa nata gidan daban: wayar da ke falo ba ta ganin firintar da ke ɗakin karatu, maigida ba ya iya buɗe kyamarorin tsaro daga turakarsa sai ya fito tsakar gida. Idan kuma aka sa a ramin LAN, na cikin gida, ba a kashe DHCP mai rabon adireshi ba, to an sami masu rabon adireshi biyu ko uku a gida ɗaya. Wadda ta riga amsawa ita ke ba waya adireshi, ta kuma nuna mata kanta a matsayin ƙofar fita, alhali ba ta da hanyar waje. Wannan ne asalin "an haɗa amma babu intanet" da ke zuwa yau ya tafi gobe, har a riƙa zargin kamfanin layi da laifin da ba nasa ba. Ƙari a kan haka duk na'urorin suna zaune a adireshi ɗaya, 192.168.0.1 ko 192.168.1.1, mai gyara ma bai san wadda ya shiga ba. Gyaran bai kai minti goma a kowace na'ura ba: babbar rauta kaɗai ke rabon adireshi, a ce daga 192.168.1.100 zuwa 192.168.1.200, sauran a mayar da su yanayin AP, a ba su tsayayyun adireshi .2 da .3 da .4, a rubuta a jikin kowace.

Maganar tasha, wato layin rediyon da kowace na'ura ke watsawa a kai, ita ce ta fi ba mu haushi, domin a nan ƙarin na'ura yake zama ƙarin matsala. A zangon 2.4 GHz tashoshi uku ne ba sa hawa kan juna, 1 da 6 da 11, kuma sai an bar faɗin a 20 MHz. Ana tarar da na'ura huɗu duk a tasha ɗaya, ko an buɗe faɗin zuwa 40 MHz wai don gudu. Na'urorin Wi-Fi da ke jin juna a tasha ɗaya layi suke bi, ɗaya tana magana sauran suna jira. Maigida ya sayi huɗu, aikin ɗaya suke yi, ga na maƙwabta sun shigo layin su ma. A 5 GHz wuri ya fi yawa, amma a can ma idan aka bar faɗin 80 MHz, tasha 36 zuwa 48 gaba ɗaya ta zama guda. A gida mai na'ura da yawa gara 40 MHz, wannan a 36, waccan a 44, kuma biyun da ke maƙwabtaka kada su haɗa tasha.

Haka ƙarfin watsawa, kullum a ƙure yake. Wayar hannu ita ke yanke shawarar lokacin da za ta saki na'ura ta kama wata, kuma muddin tana jin ta farko ba ta son saki. Sai mutum ya taso daga zaure ya shiga cikin gida, yana tsaye a ƙarƙashin wata na'urar, wayarsa tana maƙale da ta zaure. Wayar tana jin na'urar zauren, na'urar ba ta jin ta sosai, don rediyon waya bai kai nata ƙarfi ba. Abin da ake yi shi ne a rage ƙarfin 2.4 GHz, a zagaya gidan da manhajar awo, a tabbatar duk inda ake zama sigina bai faɗi ƙasa da -67 dBm ba, a kunna 802.11k da 802.11v, masu taimaka wa waya sauya na'ura, idan na'urorin suna da su. Sunan Wi-Fi da kalmar sirri da nau'in tsaro su zama ɗaya a duk gidan. Ku kuwa kuna barin suna huɗu daban-daban, Hajiya tana canzawa da hannu duk lokacin da ta fita daga ɗaki zuwa kicin.

Wurin da kuke ajiye na'urorin ma abin dubawa ne. A watan Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yana haura digiri 40 a inuwa, kuma yawancin na'urorin gida an rubuta a takardarsu cewa iyakarsu digiri 40 ne. Duk da haka ana tarar da su a cikin silin, ƙarƙashin kwano, inda zafin ya fi na waje nesa, wai don kada su ɓata kwalliyar falo. Robar jikinsu har ta canza launi, da azahar su tsaya cak sai an kashe an kunna. Wasu an tura su bayan talabijin, wasu cikin kabad na ƙarfe, wata a jikin bangon da tankin ruwa ke bayansa, alhali ƙarfe yana mayar da sigina, ruwa kuma yana shanye shi. A ƙasan silin ake ɗaura AP, a fili, kusa da tsakiyar inda mutane ke zama. Kebul ɗin da ya ratsa tsakar gida zuwa wani gini kuma na cikin ɗaki kuke ja a sararin sama ba bututu. Rana ta cinye rigarsa cikin ɗan lokaci, ruwan damina ya shiga, tsawa ta biyo shi ta ƙone ramin suwic. Tsakanin gini da gini ana sa kebul na waje a cikin bututu tare da abin kare tsawa mai waya zuwa ƙasa, ko a ja faiba a huta.

Ga batun wuta. Gida yana da inbata ko sola, kun jona babbar rauta a kai, sauran na'urorin kowace da cajarta a soket ɗin da ba ya kan inbata. Ana ɗauke wuta gidan ya koma na'ura ɗaya. Suwic mai PoE, wato mai ba na'urori wuta ta cikin kebul ɗin intanet, guda ɗaya a kan inbata ya magance wannan. Sai dai a duba lissafi: 802.3af yana ba da wat 15.4 a rami, 802.3at yana ba da 30, kuma jimillar abin da suwic zai iya bayarwa dole ta ɗauki dukkan na'urorin. A kuma daina cakuɗa injekta, wato abin da ke cusa wuta cikin kebul, mai bolt 24 da mai 48. Irin wanda ba ya tambayar na'ura kafin ya saki wuta, idan aka sa mai 48 a kan na'urar 24, ƙonewa take yi.

Wasu na'urorin da kuke kawowa an rubuta AC1200 a kwalinsu, kuna faɗa wa mutane gudunsu ke nan. Wannan kusan jimillar megabit 300 na 2.4 GHz ne da 867 na 5 GHz, ba gudun da waya ɗaya za ta samu ba, kuma wasunsu ramukansu na megabit 100 ne.

Tsaro kuwa amana ce. Ana tarar da shafin saiti a kan kalmar sirrin da ta zo daga masana'anta, WPS, hanyar shiga Wi-Fi ba da kalmar sirri ba, a kunne duk da cewa tun 2011 aka bayyana cewa lambarsa mai alƙaluma takwas tana faɗuwa a gwaji kusan 11,000. Gidajen da kuka canza wa kalmar kuma ba ku ba masu su ba, sai sun kira ku sun biya kuɗin zuwa. Gidan da kyamarori ke kallon cikinsa, inda iyali suke, bai kamata mabuɗinsa ya zauna a wayar wani yaro a shago ba. Baƙin zaure ma layin baƙi daban ya kamata a buɗe musu, wanda ba ya kaiwa ga kyamara.

Abin da muke nema, ranka ya daɗe, shi ne ku koma duk gidan da kuka yi wa aiki ku cire CCA ku sa jan ƙarfe zalla a kan kuɗinku, tunda shi aka biya. Inda aka sa rifita aka karɓi kuɗin AP, a ja kebul ko a mayar da bambancin. A gyara saitin, a gwada kowane zango da testa a gaban maigida, a bar masa takarda mai ɗauke da wurin kowace na'ura da adireshinta da tasharta da awon sigina na kowane ɗaki, tare da kalmomin sirrinsa. Muna jiran amsarku a rubuce cikin kwana 14, da ranar da za ku fara. Idan wa'adin ya cika shiru, za mu taimaka wa magidantan da abin ya shafa su kai ƙorafi hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, da rasit ɗinsu da guntayen kebul ɗin da aka yanko daga gidajensu.

Wassalam.

Daga wasu masu sana'ar haɗa intanet,
Sakkwato.